Tabarau a Cikin Kwalla

Mutum biyu ne suka zuba jari a rumfar tabarau ta maigidana a kasuwar Malumfashi, kuma ban taɓa jin bakinsu ya zo ɗaya a kan komai ba, in ban da furar da nake dama musu. Na farko yayansa ne ciki ɗaya, tsohon soja da ya dawo ya kama gonar gado a wani ƙauye kusa da Gozaki. Yaya nake ce masa, kuma ba na zama a gabansa sai ya ce in zauna. Na biyu wani Alhaji ne dillalin auduga daga Funtua, mai fara'a da yawan magana, wanda maigidana ya taɓa zaɓa wa gilashi har ya daina miƙa Alƙur'aninsa can nesa kafin ya iya karantawa. Mu Kirista ne, shi Musulmi, amma wannan bai taɓa shiga tsakanin cinikin ba.

Maigidana a asibitin mishan ya koyi aikin. Shekaru ya yi yana riƙe wa likitan ido akwatin gwaji, wato wani akwatin katako mai cike da ƙananan gilasai jere cikin ramummuka, kowanne da ƙarfinsa, ana ɗora wa mutum ɗaya bayan ɗaya har a dace da idonsa. Da kuɗi suka yawaita a ƙasa a tsakiyar shekarun saba'in, ya ajiye aikin, ya sami irin wannan akwati na hannu, mutanen nan biyu suka haɗa masa jari, ya buɗe rumfa. Yakan je Kano ya saro tabarau na karatu lamba-lamba, daga mara ƙarfi zuwa mai kauri. Yana da doka guda wadda ta sha jawo masa asarar ciniki: ba ya sayar wa idon da bai gani ba. Mutum zai zo ya ce a ba shi na tsohuwarsa, sai maigidana ya ce a kawo ta. Mutumin ya dube shi kamar ya zage shi, ya kaɗa rigarsa ya tafi.

Ni abinci nake kai masa, sai in zauna in ƙi tafiya. Da ya ga hannuna ba ya rawa, ya fara nuna mini yadda ake ɗora gilashi, da yadda ake gane ƙarfin tabarau ko da lambar jikinsa ta goge, ta hanyar kara shi da na cikin akwati a duba bakin ƙofa a motsa. Lokacin da ciwo ya kwantar da shi ni na riƙe rumfar. Ya rasu a farkon shekarun tamanin, ya bar ni da yara uku da akwatin.

Shekarar farko mutanen biyu ba su ce mini komai ba. A ta biyu ne abubuwa suka taru mini a ka.

Da farko kaya suka ɗauke. Gwamnati ta tsuke bakin aljihu, aka ce ba mai shigo da kayan waje sai da lasin, kuma gilashin ido duk daga waje yake zuwa. Na je Kano wajen mutumin da maigidana ke saye, na tarar da kantarsa fayau, ya zauna yana kora ƙuda. Ya ce in dawo wata mai zuwa. Na koma, ya sake faɗin haka, har na daina ɓarnar kuɗin mota. Lambobin da aka fi nema, na malaman makaranta da teloli da masu wa'azi, suka ƙare mini ƙarƙaf.

Ana cikin haka sai ga wani saurayi da a-kori-kura da lasifika a kanta. Ban san inda yake samo kayansa ba, wasu sun ce ta kan iyaka, wasu sun ce tsohon kaya ne wani babban ɗan kasuwa ya ɓoye tun kafin a rufe hanya. Yakan shimfiɗa tamfol ya zazzage tabarau tsibi guda kamar mai sayar da gauta, duka baƙin firam iri ɗaya, kowa ya durƙusa ya yi ta gwadawa har ya sami wanda ya yi masa. Ranar kasuwar Funtua yana can, ranar ta Bakori yana can, ranar tamu ya kafa motarsa daidai inda nake hango shi. Bai tambayi kowa idon wa za a saya wa ba. Na tsani yaron nan, na faɗa ba ɓoyewa.

Da damina ta ja baya, masara ta fara bushewa, Yaya da Alhaji suka haɗu a tsakar gidana. Na shimfiɗa musu tabarma, na kawo fura, na koma bakin ƙofar ɗaki na rakuɓe.

Yaya ne ya fara. "Alhaji, kasuwar nan ta mutu. Da mu kaɗai ne, yanzu an shigo mana. In shuka ta yi yawa a rami ɗaya, ƙaramar ce ke shaƙewa, mu ne kuwa ƙaramar. Shi yana da mota, yana da baki, kayansa da araha. Mu me muke da shi?"

Alhaji ya goge baki ya ce, "Kai soja, ba ka san kasuwa ba. Yawan masu sayarwa bai taɓa kashe kowa ba. Mu nawa ne muke sayen auduga a Funtua? Abin da ke kashe mutum rashin kaya. Yaron nan kayansa za su ƙare, tunda ba shi yake ƙera su ba. Ranar da suka ƙare, duk mai ko guda goma a ajiye shi ne sarki. Ni a ganina a rufe ɗan abin da ya rage a akwati, kada a sayar, sai ya yi tsada."

"A rufe? Yaran su ci me kafin ya yi tsadar?"

"Ai masara ma haka ake mata."

"Masara in ta ƙi tsada ka daka ka ci. Gilashi fa?"

Haka suka yi ta yi, ɗaya na tsoron kishiyar kasuwa, ɗaya na tsoron yankewar kaya, ba wanda ya waiwaya ya tambayi wadda ke zama a rumfar. Raina ya ɓaci, amma na haɗiye. Daga ƙarshe Yaya ya juyo gare ni, ya sassauta murya.

"Uwar yara, ki ji da kyau. Ba zan zauna a ƙauye ana cewa na bar 'ya'yan ƙanena suna kwana da yunwa a gari ba. In an tashi fuloti, an gama cinikin auduga, za mu sake zama. In abin bai canza ba zan zare hannuna, ki tattara ki dawo gida. Ɗaki yana nan, hatsi yana nan."

Alhaji ya ce in soja ya zare, shi kaɗai ba zai iya ɗaukar rumfar ba, shi ma bana hannunsa ba nauyi.

Na ce to, don ba a ce wa Yaya a'a a fuska. Amma na san abin da komawa ƙauye ke nufi. Babbar 'yata a shekarar ta shiga sakandaren je-ka-ka-dawo a nan cikin gari, yarinya ce mai kai, ubanta ya rasu da burin ta zama ma'aikaciyar jinya. A ƙauyen firamare kaɗai ce, ita ma rabin azuzuwan a gindin bishiya. Ranar da na ɗaure kaya, ranar karatunta ya ƙare. Yaya ba mugu ba ne, tsakani da Allah yake nufin alheri, wannan ne ma ya fi tsorata ni. Mai mugun nufi ka iya yi masa gardama.

Na ci gaba da fita rumfa, ina zama da 'yan tabarau masu kaurin da ba wanda ya nema. Wasu ranaku ko sisi ban kamawa. 'Yata takan dawo ta dubi fuskata, ba ta tambaya, sai ta ɗauki tulu ta tafi ɗiban ruwa.

Ana fara tsinkar auduga sai ga saƙon Alhaji ta bakin wani direba, wai in zo Funtua da akwatin, tsohuwarsa ba ta jin daɗi. Na hau mota na je. Na same shi a zaure yana murmushi kamar wanda aka yi wa albishir, abin da ya ba ni mamaki ga mutumin da uwarsa ke ciwo.

"Malama, na kama shi," ya ce. "Kayan yaron nan na banza ne. Na sayi guda don in gani da idona, na gwada ya yi mini daidai. Na ce tunda ina da nawa, bari in kai wa Hajiya, ai idona daga nata ya fito. To ga shi iyalina sun ce kullum na fita daga gaishe ta sai ta kama kai. Shiga ki duba, ki fito ki gaya mini, in sa a yi shela a kasuwa."

Na shiga. Gidan babba ne, sassa da yawa, na 'yan'uwa da na 'ya'ya duk a haɗe. Hajiya tana zaune bakin ɗakinta a kan buzu, ƙaramar tsohuwa mai kaifin baki, ga taskirar kaɗi a gefe ta yi ƙura. Na durƙusa na gaishe ta. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke ce matar mai tabarau? Allah ya ji ƙansa. Shigo ciki, 'yar nan, ki saki labulen."

Ta jawo wata kwalla daga ƙarƙashin gado, ta ɗaga murfi, ta zaro tabarau naɗe cikin tsumma. Ta riƙe shi da yatsu biyu nesa da jikinta.

"Ga masifar. In na ji takunsa da safe sai in yi maza in ɗora. In na tashi in tarbe shi ƙasa ta riƙa yi mini rawa. In na zauna in ga zare, ba na gani. Yana fita in cire in mayar."

Na ce, "Hajiya, me ya hana ki gaya masa?"

Ta dube ni kamar na yi saɓo. "Ɗa ya kawo miki kyauta da hannunsa, fuskarsa na walƙiya, ki ce masa ba ta yi ba? Ke haka kike yi wa naki?"

Na karɓi tabarau na kara da na cikin akwati a bakin ƙofa. Gilashin lafiyayye ne, sumul, ba abin da ya raba shi da wanda muke sarowa a Kano. Da na so ƙwarai ya zama na banza, amma ba na banza ba ne. Na mutum ne ɗan shekara hamsin, aka ɗora wa idon 'yar saba'in da ɗoriya, kuma ba wanda ya gaya mata ba a yawo da na karatu.

Ba ta karatun boko, don haka katin baƙaƙen da nake nuna wa malamai bai da amfani. Na ce a ba ni allura da zare. Na fara ɗora mata gilasan gwaji ina ƙara ƙarfi, tana cewa a'a, a'a, da ɗan dama, har na kai wani mai kauri. Ta zura zaren a kafar allura sau ɗaya, ta zare, ta sake zurawa don ta tabbata. Sai ta dubi tafin hannunta ta ce, "La ilaha illallahu, haka na tsufa?"

Irin lambar nan tana cikin waɗanda suka yi mini kwantai a rumfa, kuma na zo da guda. Firam ɗinsa kawai ya bambanta. Hajiya ta ce sam, ɗanta zai gane. Na sa aka dafa ruwa, na tsoma firam ɗin ɗan nata har robar ta yi laushi, na ɓalle gilasansa, na goga gefen nawa a dutse na danna su ciki. Ta ɗora, ta jawo taskira, ta busa ƙurar, ta shafa alli a yatsa ta murza mazari. Zaren ya fito siriri. Ba ta gode mini ba tukuna, sai ta ɗaga murya ta ƙwala wa matar ƙanen mijinta kira a ɗaya sashen.

Kafin la'asar ɗakin ya cika da mata. Abin da na gani a ranar har yau in na tuna sai in yi dariya. Da suka ga Hajiya na kaɗi da tabarau a fuska, kusan kowace ta koma sashenta ta dawo da ƙunshin tsumma. Wannan daga kwalla, waccan daga samira, wata daga ƙasan adaka, duka tabarau baƙin firam na mai lasifika. Wata tsohuwa guda uku ta zube, 'ya'yanta maza uku kowa ya sawo mata nasa, kowa da idonsa ya gwada, tana sa wa kowa nasa in ya zo gaisuwa, kuma ba ta taɓa rikita su ba. Wata matashiya da ko talatin ba ta kai ba ta kawo wani mai kauri, mijinta dattijo ne, shi ma da idonsa ya auna mata. Na gwada ta, idonta garau. Ta ce ita dama ta san lafiyarta lau, ta yi ƙorafin hayaƙin murhu ne kawai.

Na jera su a tabarma na tantance ƙarfin kowanne. Na matashiyar ya yi wa mai guda uku daidai. Ɗaya daga cikin ukun ya yi wa wata mai ɗinkin hula. Da yake firam ɗin duk iri ɗaya ne, ba sai an dafa ruwa ba, musanya kawai ake yi, ba namijin da zai gane. Aka yi ta shewa ana zura allura, wata na tsintar tsakuwa a faifan shinkafa don gwaji. Waɗanda suka rage ba mai buƙata, matan suka ce in tafi da su, su huta da ɓoyo, in an tambaya a ce yara sun karya. Suka sallame ni da abin da ya sawwaƙa, wata 'yan silalla, wata ƙwai, wata kwalbar man gyaɗa.

Da zan fita Hajiya ta riƙe mini zane. "Maganar nan ta tsaya a ɗakin nan. Kada namiji ya ji an ce kyautarsa ta kwana a kwalla."

A zaure Alhaji ya tare ni da ɗoki. Na ce masa na ɗan gyara mata shi, ciwon kai zai tafi, amma kada ya yi shela, kayan yaron ba su da laifi. Fuskarsa ta sauka. Ya ce, "To ashe soja ya yi gaskiya." Na bar shi a haka, raina na suya, don amsar na bakina amma an ɗaure ni.

A mota ina dawowa na buɗe ƙunshin a cinyata na sake dubawa. Lambobin nan ne na malamai da teloli, waɗanda na yi ta zarya Kano ban samu ba. Dalilin a fili yake. Masu zuwa kasuwa su durƙusa gaban tamfol galibi magidanta ne masu matsakaicin shekaru, abin da ya yi wa idonsu shi suke ɗauka su kai gida. A nan wani tunani ya faɗo mini. In kowa marasa ƙarfi yake kwasa, to masu kaurin suna ina?

Ranar kasuwarmu na jira har rana ta yi sanyi, na taka zuwa motar mai lasifika. Wata da watanni ko kallonsa ba na yi. Na gaishe shi. Ya tsorata, ya zaci faɗa na zo yi. Na tambaye shi ko yana da masu kauri. Ya yi tsaki ya jawo wani kwali daga bayan mota, cike fal. Ya ce a haɗe ake ba shi kayan, waɗannan kuwa duk wanda ya ɗora sai ya ce jiri, ya rasa yadda zai yi da su. Ya sallama mini su da arahar da na ji kunyar karɓa, har ya ɗora mini kwalin a ka yana godiya. Yaro ne mai ladabi ashe, ni ce ban taɓa tsayawa na ji muryarsa ba tare da lasifika ba.

Daga nan ban ƙara zama ba. Mata ba sa shela, amma magana a bakinsu ta fi mota sauri. Ɗiyar Hajiya da ke aure a Bakori ta aiko, daga can aka miƙa ni wani gida, daga wannan gidan zuwa na gaba. A zaure in ce na zo duba idon tsohuwa, maigida ya ce bismillah, ai mace ce. A cocinmu ma da na ɗan yi zancen a taron mata, sai ga matanmu da nasu ƙunshin, su da ba kulle ya hana su zuwa rumfa ba, kunyar 'ya'ya ce iri ɗaya. In ba tsofaffi masu kauri, in karɓo marasa ƙarfi, in wanke su da sabulu in kai rumfa, malaman makaranta su saya bayan na gwada su. Na rame, ƙafafuna suka tsattsage, akwatin nan ya yi mini kanta a ka. Amma tukunya ba ta ƙara kwana a kife ba.

Sai dai ranar zama na matsowa, kuma abin da ya fi damuna bai warware ba. Mutanen nan za su ga kaya, za su tambayi daga ina. In na yi shiru Yaya zai ɗauka fasa-ƙwauri na shiga, kuma tsohon soja ne, a ranar zai kwashe mu. Na koma Funtua na durƙusa gaban Hajiya na gaya mata komai, har zancen makarantar yarinya. Tana kaɗi tana saurare. Ta naɗe zaren a mazari kafin ta amsa.

"Ki gaya wa ɗan nawa, shi ya fara jawo mana. Shi da sojan. Amma ki ce in ji ni, in na ji maganar a bakin wani, ban yafe nonona ba."

Aka tashi fuloti, Yaya da Alhaji suka zo. Tabarma ɗaya, fura ɗaya, ni a bakin ƙofa. Yaya ya zo da fuskar wanda ya riga ya yanke hukunci, har ya yi magana da mai motar da zai kwashi kayana. Na shiga ɗaki na jawo kwalaye na buɗe a gabansu, na ajiye abin da ya samu na riba a gefe. Kamar yadda na zata, Yaya bai dubi ribar ba.

"Uwar yara, Kano ba kaya. Wa ya ba ki waɗannan?"

Na isar da gargaɗin Hajiya tukuna, sannan na ba su labari tun daga kwalla. Da na zo kan mai guda uku, Alhaji ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Can ya tuna da wa aka fara, dariyar ta yanke, ya ce, "Wato duk safiyar nan da nake cewa Hajiya ya yi miki kyau..." Bai ƙarasa ba, ya sunkuya ya ɗauki hularsa.

Amma ɗan kasuwa ne, nan da nan ya farfaɗo. "Ka ji ko, soja? Na ce maka kaya ne magana."

"Kayan wa? Na wanda ka ce zai ƙare. In ya daina zuwa fa?"

"In ya daina zuwa ba mu da kishiya, abin da kake so ke nan."

"Mu kuma ba mu da kaya, abin da kake tsoro ke nan."

Suka sake sarƙewa. Alhaji na cewa a saye duk masu kaurin da yaron ke da su kafin ya farga, Yaya na cewa ranar da ya farga zai ɗauko ƙanwarsa ya koya mata shiga gidaje. Dukansu suna da gaskiya, ni ma na sha kwana da waɗannan tunane-tunanen. Amma ni ba gaskiyarsu nake jira ba. Ina zaune hannuna a cikin zane ina matse yatsuna, ina jin motsin 'yata a bayan labule, ta ƙi fita tun da suka zo.

Can Yaya ya bar gardamar. Ya daɗe yana kallon kwalayen. Sai ya tambaye ni, ba tare da ya dube ni ba, ko duk tsofaffin haka suke yi, su sa in ɗa ya shigo su cire in ya fita. Na ce duk waɗanda na gani haka suke yi.

Ya shafa gemunsa. "Da kaka na biya ta kasuwar Bakori," ya ce a hankali. "Na saya wa Iya guda."

Iya uwarsu ce, surukata. Alhaji ya buɗe baki zai yi tsiya, ya dubi fuskar Yaya, ya fasa.

"Kullum na shiga ɗakinta yana kan hancinta," in ji Yaya. "Har cewa take Allah ya yi mini albarka." Ya miƙe ya karkaɗe rigarsa, ya zura takalmi. Na miƙe ni ma, har yanzu bai faɗi abin da ya kawo shi ba. Sai da ya kai bakin zaure ya waiwayo.

"Ranar Lahadi bayan sujada ki zo gida ki duba ta. Akwatin kawai za ki ɗauko. Tukwanenki ki bar su inda suke, yarinya na da makaranta ran Litinin."

Na ce, "To, Yaya." Na raka su ƙofar gida, suna tafe suna gardama a kan wanda zai sallami mai motar. Da na dawo na zauna daɓas a kan tabarmar da ba a naɗe ba, wani sanyi ya sauko mini tun daga ka har tafin ƙafa. 'Yata ta fito daga bayan labule da wani ƙunshi a hannu. Ashe tun kwanaki ta ɗaure littattafanta da kayan makarantarta a tsohon zanena, ta tura ƙarƙashin gado, don kada ranar ta zo in ga tana kuka wajen haɗawa. Ta tsaya a kaina ta ce, "Mama, in kwance?"

Na ce, "Kwance, ki jiƙa rigar, gobe a goge ta."